Filasmar bakin teku: araha a kasuwa, tsada a mita

Makonni uku da suka wuce ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, fuskarsa cike da fara'a irin ta wanda ya yi tsintuwa. Aure zai yi bayan Babbar Salla. Ya kama ciki da falo nan unguwar Bè-Kpota ta Lome, kuma kamar yadda muka gada, gado da kujeru da kwanuka na iyayen amarya ne, kayan kallo kuwa suna wuyan ango. Bayan mun gaisa ya ce, "Kawu, Allah ya yanke mini wahala. Na samu filasma inci 50 a bakin fot, ta asali, daga Jamus aka kawo ta. Kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba." Na ce masa, "Filasma ce a suna, ko filasma ce a jiki?" Ya yi tsuru yana kallona kamar da yaren Kabiye na yi masa magana.

Ban ga laifinsa ba. A bakinmu, tun daga Lome har Kumasi da Kano da Maraɗi, duk talabijin ɗin da ba ta da tozo a baya filasma ce, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo, kowane dunƙulen miya ya zama Maggi. Sunan ya kama baki tun lokacin da muka fara ganin irin waɗannan faifayan a bankuna da otal-otal da falon manyan attajirai. Ina tuna ranar 13 ga Yuni, 2006, da Togo ta kara da Koriya ta Kudu a Frankfurt, wasanmu na farko a gasar cin kofin duniya. Mun fi mu talatin a tsakar gida, kowa ya zuba ido ga wata 'yar talabijin mai tozo da aka ɗora a kan tebur, kuma lokacin da Mohamed Kader ya zura ƙwallo kafin a tafi hutun rabin lokaci, da ihun unguwa na bayanmu suka san an ci, don ba su hango komai ba. A wancan zamanin in aka ce wane yana da filasma, an gama bayanin arzikinsa ke nan.

To amma abubuwa biyu ne mabambanta suke amsa wannan suna, kuma mai saye da bai rarrabe su ba shi ne ake sayar wa kifi a ruwa.

Filasma ta gaskiya gilasai biyu ne masu kauri, a tsakaninsu akwai miliyoyin ƙananan gurabu cike da iskar gas irin su niyon da zinon. Wuta na taɓa iskar, sai ta tayar da wani hasken da ido ba ya gani, shi kuma ya bugi hodar da aka shafe cikin gurbin da ita, ta haskaka ja ko kore ko shuɗi. Wato kowane ɗigo na hoton fitila ce mai cin gashin kanta. A Jami'ar Illinois ta Amurka aka ƙirƙiro dabarar a 1964, amma sai wajen 1997 aka fara sayar da mai inci 42 ga masu gidaje, a kan kuɗin da zai sayi mota. Ita kuwa LCD ba ta yin hasken kanta. Akwai fitila a bayanta da ke ci koyaushe, sai wani siririn ruwa a tsakanin gilasai da ke buɗewa yana rufewa kamar labule, ya bar haske ya wuce a nan, ya tare shi a can. Tsofaffin LCD da siraran kwan fitila masu tsawo suke aiki. Daga wajen 2009 aka koma amfani da ƙananan ƙwayoyin LED, 'yan kasuwa suka samu sabon suna na talla. Saboda haka in mai shago ya ce maka, "Wannan ba LCD ba ce, LED ce," ka sani uwa ɗaya uba ɗaya suke, fitilar baya kawai aka sauya.

Bari in ba filasma haƙƙinta, don na zauna da ita shekara huɗu kuma na ji daɗinta. Baƙinta baƙi ne na gaske, tun da ɗigon da ba a bukata kashe kansa yake yi. In ana ƙwallo, ɗan wasa ya sheƙa da gudu, ba ka ganin hoton yana jan jela. Sannan akwai abin da ya fi dacewa da zamanmu na Zango: duk ta gefen da ka zauna kalar ba ta sauyawa. Falonmu ba na mutum biyu ba ne. Ranar da Arewa24 ke nuna Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in, maƙwabta da yaransu za su cika ɗaki, wani a dokin ƙofa, wani a gindin bango, kuma kowa yana son ya ga fuskar 'yan wasa yadda take. LCD mai araha, in ka kauce daga gabanta, sai ka ga mutane sun yi fari kamar an barbaɗa musu toka. Masanan hoto har yau suna yabon Kuro ta kamfanin Pioneer, kuma ba ƙarya suke yi ba.

Sai dai duk wannan yabon gawa ne. Pioneer ta sanar da barin sana'ar talabijin a 2009. Panasonic, wadda ta fi kowa riƙo da filasma, ta daina ƙera ta a ƙarshen 2013. Samsung da LG suka bi sahu a 2014. Manyan kamfanonin da suka yi suna da ita duk sun rufe wannan babin. Ma'anar haka a fili take: duk filasma ta gaskiya da ka gani a bakin fot, wato tashar jiragen ruwan Lome, komai ƙyallinta, komai gogewar da ta sha, ta haura shekara goma a duniya. Wani Bature ya more ƙuruciyarta, tsufanta aka aiko maka. Da yawan masu sayarwa ba su san wannan ba, su ma a dunƙule suka sayo kaya daga kwantena, don haka ba lallai ne a ce mutum yana yaudararka da gangan ba. Amma rashin saninsa ba zai rage maka ko dala ɗaya daga asarar ba.

Kasuwar gwanjon kayan wuta, abin da mutanen garin nan ke kira venu de France ko da daga Beljiyam ko Jamus kayan suka taso, tana ciyar da gidaje masu yawa, cikinsu har da na 'yan'uwanmu. Ba na cikin masu cewa a rufe ta. Firijin gidana daga can ya fito, kuma yana nan yana aiki. Amma mai shiga cikinta ya shiga da ido buɗe. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ciki, a tashoshin jiragen ruwan Legas cikin 2015 da 2016, ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan wuta ke shiga Najeriya a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun kafin a sauke su, kuma da yawa a cikin motocin gwanjo ake cusa su. Legas ke nan, amma hanyar ruwan ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa ganin an buɗe bayan motar gwanjo a fot ɗinmu ya san mu ma haka kayan ke zuwa mana. Akwai yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 da aka ƙulla don hana mayar da ƙasashenmu juji. Talabijin ɗin da ta kawo hoto na minti biyu a gaban jami'i kuwa, ai a takarda kaya ce, ba shara ba.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa, wato mita. Yawancin gidajen haya a unguwannin nan mitar saye-kafin-sha ke gare su, wadda kamfanin wuta na CEET ya raɗa wa suna Lafia, mutane kuma ke ce mata Cash Power. Wannan mita malama ce da ba ta jin kunyar kowa. Babbar filasma ta shekarun baya tana iya shan wat 250 ko fiye in hoton na da haske, yayin da LED ta yanzu mai inci 43 ke tsayawa a wajen wat 60 zuwa 80. Na ɗauko biro na yi wa ɗan yayata lissafi a bayan ambulan. Mu ɗauka waccan 250, wannan 60, bambanci 190. Gidan amarya, in an yi sa'a, awa shida talabijin za ta yi a kunne kowace rana, kuma kowa ya san na rage. Kilowat-awa ɗaya da ɗoriya ke nan a rana, kusan 34 a wata. Don sauƙin lissafi mu sa kowane kilowat-awa a sefa 100, kowa ya duba rasit ɗinsa ya gyara. Jaka uku da ɗoriya a wata (jaka ɗaya sefa dubu ce), sama da jaka arba'in a shekara. Kafin amarya ta yaye ɗan fari, ragin da aka yi maka a bakin teku ya koma cikin mita, da riba. In kuwa gidan haɗaka ne mai mita ɗaya, inda ake raba kuɗin wuta da ƙirga kwan fitila da fanka, to ka sayo wa kanka rigima da maƙwabta, don ba a jima za su gano daga ɗakin wa wutar ke zurarewa.

Wutar da ta sha ba ɓacewa take yi ba, zafi take komawa. A Jamus wannan alheri ne da hunturu. A ɗakin kwano a Lome cikin watan Maris, kamar ka ajiye kaskon gawayi ne a falo, sannan ka ƙara wa fanka gudu, mita ta ƙara sauri. Na sha ɗora hannu a saman tawa bayan an tashi daga ƙwallo, in janye da sauri.

Akwai kuma batun ɗaukewar wuta. Togo na samun kaso mai yawa na wutarta daga maƙwabta, Ghana da Najeriya, ga madatsar Nangbéto a kan kogin Mono, ga tashoshin da ke aiki da gas a nan Lome. Duk lokacin da gas ya yi ƙaranci, kamar yadda aka gani a farkon 2024, unguwanni kan koma karɓa-karɓa. Mai ƙaramar LED zai iya jona ta a batir da inbata, ko ma ya sayi irin wadda ke aiki da sola kai tsaye, ya ci gaba da kallonsa. Filasma kuwa cikin ɗan lokaci za ta tsotse batirin ta bar ka da duhu biyu.

Wani abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, an gina filasma ne don ɗaki mai labule da duhu-duhu. Mu kuwa ƙofarmu a buɗe take tun safe saboda iska, rana tana shigowa har tsakar ɗaki. Gilashinta ya zama madubi, kana kallon fim kana kallon kanka da mai wucewa a tsakar gida. LED ta fi ta haske da rana nesa ba kusa ba. Sannan filasma tana da riƙo. In hoto ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya, hodar wurin ta fi ta sauran gajiya, sai ya bar inuwa da ba ta gogewa. Ka duba yadda muke kallo: tasha ɗaya daga safe har dare, tambarinta na manne a kusurwa, rubutun labarai na gudu a ƙasa, lambar ci da agogon wasa a sama. Da azumi akwai gidajen da ake barin tashar Harami a kunne kwana da kwanaki. Na taɓa ganin wata a shagon aski, an sa fim ɗin Indiya amma tambarin tashar ƙwallo na nan raɗau a kafaɗar jarumin.

Mai gyaran da nake kai wa kaya, wani dattijo da ya fara sana'ar tun zamanin rediyo mai batir shida, shi ya ƙarasa mini karatun. Bayan shagonsa jingine suke jere kamar allunan makarantar allo. Na tambaye shi wacce ta fi ba shi wahala. Ya ce, "Malam, filasma in ta mutu sai dai a nemo 'yar'uwarta a yanka. Allon da ke ba ta wuta ba a yin sabo. In na samu a jikin wata, shi ma tsoho ne, ba zan iya rantse maka zai kai wata shida ba. LED kuwa, sau da yawa fitilun baya ne ke ƙonewa, kana jin magana ba hoto. Waɗannan ana samunsu, in sauya maka yau ka ɗauka gobe." Ya kuma nuna mini wani allo da ya yi kore-kore kamar tsohon kwabo. Ya ce iskar teku ce. Mu da ke kusa da teku mun san yadda gishiri ke cin kwanon rufi da ƙyauren ƙarfe, to haka yake cin cikin na'ura, sai hunturu ya zo ya ɗora ƙura a kai, damina ta jiƙa ta. Na'urar da ta shekara goma a busasshen ɗaki a Turai, nan take haɗuwa da ajalinta.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da aka rubuta wa LED lafiyayye ne. Kasuwa cike take da masu sunan aro, an sauya harafi ɗaya daga sunan babban kamfani, ko an manna sunan gaba ɗaya a kan kwalin da kamfanin bai san da shi ba. Akwai wadda aka rubuta inci 43 a kwali, in ka sa awo daga kusurwa zuwa kusurwa ba ta kai ba. Muryar sirarar talabijin kamar ta sauro take, sai ka ƙara da lasifika. Fuskarta ba ta da ƙwari ko kaɗan: yaro ya jefa murfin kwalba ko ya buga da rimot, shi ke nan, kuɗin sauya fuskar ya kusa na sabuwa. Shi ya sa nake cewa a kafe ta a bango sama da inda hannun yaro ke kaiwa. Tsohuwar LCD ta gwanjo mai dogayen fitilu ita ma ba abin so ba ce, haskenta ya dushe, tana shan wuta fiye da ta yanzu, kuma fitilunta na ɗauke da sinadarin makyuri, guba ga yaran da ke fasa su a bola suna neman jan ƙarfe. Kowacce ka saya, ka ware kuɗin na'urar daidaita wuta, kuma in hadari ya haɗo da tsawa ka zare ta daga bango, ka zare wayar dish. Ni kaina da tsawa ɗaya na yi asarar dikoda da talabijin a dare guda, ban da wanda zan kai ƙara.

Rarrabe su a kasuwa ba wuya. Filasma nauyi gare ta, mai inci 50 sai mutum biyu. Ka ƙwanƙwasa fuskarta da farce, za ka ji tauri irin na gilashin taga. Ka juya bayanta ka karanta lambar: a kayan Turai, Samsung mai farawa da PS filasma ce, LE tsohuwar LCD, UE kuma LED. Panasonic mai TX-P filasma ce. A LG, in harafin da ya biyo lambar inci P ne, ita ce. A kan wannan takardar dai za ka ga shekarar da aka ƙera ta da yawan wat. In ka nace sai gwanjo, ka sa a kunna maka ita rabin awa, ba minti biyu ba, a sa farin hoto fal ka nemi inuwa da layi. Mai kayan da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba ka amsa. Kuma filasma a tsaye ake ɗaukarta, in aka kwantar da ita a bayan mota aka bi ramukan unguwa gilashin na iya tsagewa. Masu rungume ta a kan zemijan, wato babur ɗin haya, Allah dai ya kiyaye.

Da na gama duk wannan bayani, ɗan yayata ya yi shiru, sannan ya fito da abin da ke cikinsa. "Kawu, na ji. Amma kuɗin hannuna in sabuwa ce, inci 32 kawai za su saya. 'Yan ganin ɗaki za su ce na gaza." Nan ne asalin maganar, kuma ba a lissafin wat ake warware ta ba. Mun mayar da faɗin talabijin ma'aunin mutuncin ango. Mata su shigo, kafin su dubi amarya sun dubi bango. Saurayin da ke fama da kuɗin haya na shekara da lefe da abincin biki, dole ya nemo abin da zai cika bangon nan, ko da mushe ne. Iyayenmu da aka tasa daga tsohon Zango a 1977, wasu suka nufi Togblékopé wasu suka bazu cikin unguwanni, da tabarma da rediyo suka sake kafa gidaje, kuma ba wanda ya ce aurensu bai ɗauru ba. Ni a ganina mu manya, musamman gwaggonni da innoni masu zuwa jere, mu ke da alhakin sauke wa yaran nan wannan kaya. Falon da tsakanin kujera da bango bai wuce taku uku ba, inci 32 ta ishe shi, 43 ta yi masa yawa-yawa. Inci 50 a irin wannan ɗaki sai ka riƙa juya wuya kamar mai kallon tseren dawaki.

Na ce masa, "Ka sayi sabuwa daidai aljihunka, a shagon da zai ba ka rasit da garanti a rubuce, wanda in ka koma bayan wata uku za ka tarar da shi a wurin. Ragowar kuɗin ka sayi na'urar daidaita wuta da ƙarfen kafewa. Gwaggonninka kuma ka bar ni da su." Ya yi dariya, ya ce zai yi shawara. Shekaranjiya na hango shi ya sauko daga tasi da kwali a hammata, shi kaɗai ya ɗauko ta, wanda hakan ya nuna mini ba ta bakin teku ba ce. Da yaran gida suka gan shi sai suka ruga ciki suna ihu, "An kawo filasma!"

Sunan dai ba zai bar bakinmu ba, kuma ban damu ba. Roƙona ga duk mai shirin saye a wannan kaka ta bukukuwa, ango ne ko uban amarya ko mai shagon kallon ƙwallo: kafin ka kalli hoton gaba, ka ce a juya maka bayanta, ka karanta shekara, ka karanta wat, sannan a yi ciniki.